Ina Ramin Faifai Ya Tafi? Daga Shagon Haya Zuwa Ƙaramar Kwamfuta

Duk wanda ya ɗauki ƙananan kwamfutocin nan masu girman kwalin sukari, irin su Intel NUC da Mac mini, sai ya jujjuya ya ce ina wurin saka faifai? Babu. Kuma ba mantuwa kamfani ya yi ba.

Sony da Philips ne suka fito da CD a 1982, don waƙa. Wanda muka saba da shi megabait 700 yake ɗauka. DVD ya biyo baya a 1996 da gig 4.7. Amma mu nan Arewa fim ne ya shigo mana da faifai gida. Fim ɗin Hausa da kaset ya fara, tun Turmin Danya a Kano a 1990, sai bayan shekarar 2000 faifan bidiyo ya ture kaset. Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ya san shagon haya. Fim ɗin Indiya guda sai faifai biyu ko uku, don kowanne bai wuce minti tamanin ba. Ana tsaka da kallo ya fara tsalle, a ciro a hura masa iska a goge da gefen riga, kafin a mayar NEPA ta ɗauke.

Memori da waya ne suka karya wannan kasuwa. Masu turi suka kafa tebur da laftof, ka miƙa memori a cika maka. Sai Xender ta zo, mutum ɗaya ya biya, unguwa ta kalla. Furodusoshi sun ji jiki sosai, har suka koma YouTube, inda Izzar So ya yi tashe daga 2020.

Can ƙasashen waje ma kamfanoni sun riga sun yanke hukunci. Asus Eee PC ta fito a 2007 ba ramin faifai. A 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan, ita ma babu. A 2011 aka cire shi daga Mac mini. Faɗin faifai santimita 12 ne, ba yadda za a matse shi, ga mota mai juya shi tana shan batir. Mu kuma ga ƙurar hunturu, da ta hau idon na'urar shi ke nan ta daina karatu. Ko Windows 11 ta haura gig 5, DVD na gama-gari ba zai ɗauke ta ba. Filas mai gig 8 da manhajar Rufus sun wadatar.

Don haka a ganina ƙaramar kwamfuta ba ta buƙatarsa a jikinta. Na cirewa da sakawa shi ne makomarsa, kamar yadda Sony ta yi wa PS5 a 2023. Ita Sony ɗin ma ta daina buga faifan Blu-ray na ɗauka a 2025.

Inda matsalar take shi ne cikin durowar iyayenmu. Faifan biki, na suna, na saukar Alƙur'ani, wani ma muryar mamaci ce a ciki kuma babu kwafinta a ko'ina. Waɗannan ba irin na kamfani ba ne, a shago aka ƙona su, kuma sinadarin da ke riƙe bayanan yana lalacewa da zafi da hasken rana. A CD ma ƙarzanewar saman da ake rubuta suna ta fi ta ƙasa illa, don bayanan na dab da wurin.

Nemi na'urar faifai mai igiyar USB, ko aro ne, guda ɗaya ta ishi dangi. In DVD ne kwafe folda mai suna VIDEO_TS gaba ɗaya, in tsohon faifan bidiyo ne nemi MPEGAV. VLC na buɗe su, HandBrake kuma ta mayar da su MP4 don su hau waya. In ya ƙi karantuwa, goge shi da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Ajiye a wuri biyu, kuma kar ɗayan ya zama memorin nan na bakin titi da aka rubuta wa gig 64 alhali ko 8 bai cika ba.