Tarihin Jarumai Mata Cikin Labarun Sararin Sama

Akwai wani irin ƙagaggen labari da marubutan Amurka da Ingila su ke yi, wanda ba cikin duniyar nan abin ya ke faruwa ba. A cikinsa a kan ƙaddara cewa 'yan Adam sun ƙera jiragen da ke ratsa tsakanin taurari, sun kafa garuruwa da dauloli a can, suna fatauci, suna yaƙi, suna sulhu. Ba wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya, gama har yau ɗan Adam bai sa ƙafa ko'ina ba sai duniya da wata. Duk da haka an yi kusan shekara ɗari ana rubuta labarun, jama'a kuwa ba su gaji da karatunsu ba. Cikin waɗannan shekaru mace ta tashi daga wadda a ke ceto ta zama mai jan ragamar labarin, aka sami amfani mai yawa, aka kuma gamu da aibi iri-iri.

Mafarin abin shi ne, cikin 1926 wani mutum wai shi Hugo Gernsback ya kafa wata jarida a birnin New York mai suna Amazing Stories. Cikin 1928 jaridar ta buga labarin Edward E. Smith, The Skylark of Space, wanda a ke lissafa shi cikin na farkon irinsa. Shi Smith masanin haɗa sinadarai ne, bai amince wa kansa wajen rubuta zancen soyayya ba, saboda haka matar abokinsa, Lee Hawkins Garby, ita ta rubuta masa wannan sashe. Budurwar da ke cikin labarin, Dorothy, babban abin da ya same ta shi ne mugu ya sace ta, saurayinta ya bi sawu ya ƙwato ta. Haka galibin labarun zamanin su ke. Aka yi ta maimaita abu guda har mutane suka fara raina su. Cikin 1941 wani marubuci, Wilson Tucker, ya laƙaba musu sunan ba'a, ya kwatanta su da wasannin rediyo marasa ƙarewa waɗanda kamfanonin sabulu ke biyan kuɗinsu.

Tun a lokacin nan akwai matan da ke rubutu. Ɗaya daga cikinsu Catherine Moore ce, ma'aikaciyar banki a birnin Indianapolis, wadda ta fara fito da labarunta cikin 1933. Ba ta sa cikakken sunanta ba, sai C. L. Moore, don kada masu bankin su gane. Cikin 1943 ta rubuta Judgment Night, labarin Juille, 'yar sarkin wata babbar daular taurari, wadda aka rene ta kan yaƙi, ta kuma kamu da son shugaban abokan gaban ubanta. A nan an ga mace da makami a hannu, da zuciya mai ja biyu. Amma ba a sami masu bin sawun Moore da yawa ba sai bayan shekaru.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ran 16 ga Yuni 1963 Tarayyar Sobiyat ta harba Valentina Tereshkova, wadda a da ma'aikaciyar masaƙa ce, ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku. Daga nan ba mai iya cewa sararin sama na maza ne kaɗai. Cikin 1966 aka fara wasan talabijin mai suna Star Trek a Amurka. Cikin ma'aikatan jirgin akwai wata baƙar fata, Uhura, mai kula da aika saƙo, an kuwa ciro sunanta daga kalmar Suwahili mai nufin 'yanci. Nichelle Nichols, wadda ke fitowa a matsayinta, ta so ta bar aikin, sai Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna, domin yaran baƙar fata na ganinta. Maganarsa ta tabbata. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta tafi sararin sama, cikin 1992, ta sha faɗi cewa ganin Uhura na cikin abin da ya ƙarfafa mata zuciya. Sai dai Uhura ba ita ke da jirgin ba. Haka kuma Gimbiya Leia ta majigin Star Wars na 1977, ko da ya ke da aka buɗe kurkukunta ita ta karɓi bindiga ta nuna wa masu cetonta mafita, labarin na saurayi ne, watau Luke.

A cikin littattafai ne aka fara ba mace jirgin da labarin gaba ɗaya. Wadda ta yi fice a nan ita ce Lois McMaster Bujold, 'yar Amurka. Cikin 1986 ta fito da Shards of Honor, labarin Cordelia Naismith, shugabar jirgin masu bincike, mace mai shekara talatin da 'yan kai. Aka kai wa sansaninta hari a wata sabuwar duniya, ta faɗa hannun wani hafsan abokan gaba, Aral Vorkosigan. Suka yi kwanaki suna tafiya a ƙasa, suna jan wani majinyaci, kowa na auna halin ɗan'uwansa, har daga baya ta bar ƙasarsu ta aure shi. A littafin Barrayar na 1991, an jefa musu guba tana da ciki, maganin gubar ya lalata ƙasusuwan ɗan tayin, aka ciro shi aka sa cikin wata na'ura mai aikin mahaifa. Surukinta ya ce a kashe, domin a al'adarsu ba a raya naƙasasshe. Ta ƙi. Sa'an nan wani basarake ya ƙwace mulki, ya riƙe na'urar garkuwa. Mijinta ya ce ba ya salwantar da rundunarsa saboda ɗansa shi kaɗai. Ita kuwa ta ɗebi mutum uku, ta shiga fada a ɓoye, ta komo da ɗanta, da kan basaraken cikin jaka. Littafin ya ci lambar Hugo ta 1992, watau lambar girma da aka raɗa wa sunan Gernsback.

Daga wannan a kan gane amfanin labarin da aka gina kan halin mutum. Da fari, ba ya tsufa da wuri. Na'urorin da Smith ya kwatanta cikin 1928 sun zama abin dariya, amma uwar da ke jayayya da surukinta kan ran ɗanta, kowace al'umma ta san ta. Na biyu, ya shigo da abubuwan da labarun farko suka ƙyale, kamar haihuwa, da reno, da jinya, da zaman baƙuwa a gidan miji. Na uku, yaƙi ya sami nauyinsa, domin mai karatu ya san waɗanda za su mutu.

Amma zuma ga zaƙi ga harbi. Aibi na farko shi ne marubuci ya so jarumarsa har ya hana ta kuskure. Cikin 1993 David Weber ya fara labarun Honor Harrington, ya ɗauko samfurinta daga hafsoshin jiragen ruwan Ingila na zamanin Nelson, har ya sa ta rasa ido ɗaya da hannu ɗaya kamar shi. A littafin farko ƙaramin jirgi gare ta, manyanta sun tura ta wani lungu don su wulakanta ta, ma'aikatanta na fushi da ita, sai da ta sha wuya kafin ta sami amincewarsu. Wannan ya yi armashi. Da littattafan suka haura goma, ta zama babbar kwamanda, mai sarauta a ƙasa biyu, gwanar bindiga, gwanar takobi, masu ƙinta a gida kuwa galibi ko wawaye ko miyagu. Mutum tara ya ke bai cika goma ba. In aka cika shi goma, mai karatu ya daina jin tsoro dominsa. Sai dai gaskiya ita ce an fi saurin ɗora wa mata wannan laifi, alhali jarumai maza na tun zamanin Smith haka su ke, ba a cika yi musu gori ba.

Aibi na biyu shi ne hali ya riƙa sauyawa ba dalili. An ga haka a Star Trek: Voyager, wanda aka yi daga 1995 zuwa 2001, inda Kate Mulgrew ta fito a matsayin Kyaftin Janeway, mai ƙoƙarin mai da jirginta gida daga nisan tafiyar shekara 75. Marubuta da yawa ke rubuta wasan, sai ya zamana wannan mako tana riƙe da doka ko da za a hallaka, mako mai zuwa ta take ta. Masu kallo da dama sun yi kuka da haka. Labarin da ya dogara ga hali, in halin ya yi rawa, ba sauran abin dafawa.

Aibi na uku shi ne duniya ta ƙanƙance ta koma gidan mutum guda. A labarin Cordelia, yaƙin basasa na ƙasa sukutum ya ƙare da tafiyar mutum huɗu, talakawan da yaƙin ya ci kuwa daga nesa a ke hango su. Har wa yau, yawancin littattafan da suka biyo na ɗanta ne, Miles. Ba ta sāke riƙe labari ba sai cikin 2016.

Cikin 2015 Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta kuwa Ibo ne daga Nijeriya, ta fito da Binti. Yarinya ce 'yar shekara 16 daga kabilar Himba ta Namibiya, gwanar lissafi, ta sulale daga gida ba da sanin iyayenta ba don ta tafi wata jami'a a can cikin taurari, ta tafi da tulun jar ƙasar da matan kabilarsu ke shafawa. A hanya wasu halittu da a ke kira Meduse suka auka wa jirgin, suka kashe abokan tafiyarta. Ita ba ta yaƙe su ba. Ta binciki dalili, ta tarar jami'ar ce ke riƙe da ƙarin sarkinsu, watau abin harbinsa, cikin gidan ajiye kayan tarihi. Ta shiga tsakani har aka mayar. Wanda ya san yadda sojan Ingila suka kwashe kayan fadar Benin cikin 1897 ba ya bukatar a fassara masa wannan. Littafin ya ci lambar Hugo ta 2016. An yaba masa domin jarumar ta ci nasara da al'adarta da harshenta. An kuma soke shi cewa sulhun ya yi sauri, an yafe jinin mutane masu yawa cikin 'yan shafuna. A littattafai biyu da suka biyo, na 2017 da 2018, marubuciyar ta nuna yadda firgitar ranar nan ta bi yarinyar har gida.

To, daga Dorothy ta 1928 zuwa Binti ta 2015 shekara 87 ke nan. Abin da tarihin ya nuna shi ne, miƙa wa mace jirgi da bindiga bai isa ya gyara labari ba. Waɗanda suka daɗe a zukatan masu karatu su ne waɗanda aka bari suka yi kuskure, suka biya, aka kuma bar sauran mutanen da ke kewaye da su da nasu hankali. Mai karatu da ya riƙe wannan ma'auni ya iya auna kowane labari da ya zo hannunsa, ko na taurari ne ko na ƙauyensu.