Sonatocin kilarinet da inuwar Brahms ta rufe, da faya-fayan da suka tono su

Kilarinet abin busa ne na Turawa da ake yi da katako, mai harshen kara guda ɗaya a bakinsa, saɓanin algaita mai harshe biyu. Sonata kuwa doguwar tsararriyar kiɗa ce mai babi uku ko huɗu, wadda galibi makaɗa biyu ke yi, ɗayansu a kan fiyano. A ƙarshen zamanin da masana ke kira Romantik, wato lokacin da mawallafan kiɗan Turai suka fifita bayyana abin da ke cikin zuciya a kan tsantsar ƙa'ida, daga wajen 1880 zuwa Yaƙin Duniya na Farko, an rubuta wa kilarinet sonatoci da dama, amma biyu kacal ne suka mamaye dandali, su ne waɗanda Johannes Brahms ya rubuta a 1894 domin Richard Mühlfeld, mabushin ƙungiyar makaɗan fadar Meiningen a Jamus.

Daga cikin waɗanda aka mance, ta Felix Draeseke ta 1887 ta riga na Brahms da shekara bakwai, kuma mai ita ɗan ɓangaren Liszt da Wagner ne, waɗanda ba sa ga maciji da ɓangaren Brahms. Gustav Jenner, ɗalibin Brahms tilo a fannin tsara kiɗa, wanda ya jagoranci harkar kiɗa a Jami'ar Marburg, ya fito da tasa a wajen 1900 ya sadaukar da ita ga Mühlfeld. A shekarar nan dai Max Reger, bayan ya saurari ɗaya daga cikin na Brahms a garin Weiden, ya rubuta guda biyu a jere, sannan daga baya ya ƙara ta uku mai lamba 107, wadda ta fi su tsawo da zurfi. Charles Villiers Stanford, haifaffen Dublin, ya kammala tasa a 1911, inda ya sa wa babin tsakiya suna Caoine, kalmar da mutanen Ailan ke kiran kukan makoki da ita.

Abin da ke wahalar da mai son kwatanta faya-fayan waɗannan ayyuka shi ne rashin ma'aunin asali. Mühlfeld ya rasu a 1907 ba tare da ya bar faifai ba, kuma abin da aka sani game da busarsa bai wuce shaidar waɗanda suka ji shi da kuma kilarinetocinsa ba, ƙirar Georg Ottensteiner, waɗanda ke ajiye a Meiningen. An ruwaito cewa yana karkaɗa sauti, wato yana sa muryar abin busar ta yi rawa kamar yadda masu gogen Turawa ke yi, kuma hakan ba abin mamaki ba ne tunda da goge ya fara aiki a fadar. Abin lura a nan shi ne mabusan Jamus na ƙarni na 20, waɗanda ake ɗauka su ne magadansa, sun guji wannan ɗabi'a, yayin da Baturen Ingila Reginald Kell ya yi suna da ita.

Bambanci na biyu yana jikin kayan aikin kansa, domin Jamus da Ostiriya sun riƙe tsarin Oehler, mai murya a dunƙule da ɗan duhu, sauran ƙasashe kuwa suka bi tsarin Boehm da aka ƙirƙira a Faris, wanda muryarsa ta fi haske da sauƙin lanƙwasawa. Ana jin wannan sarai a sonatocin Reger idan aka jera faifan Karl Leister, wanda ya shugabanci masu kilarinet a ƙungiyar Filhamonik ta Balin daga 1959 zuwa 1993, da na Janet Hilton a kamfanin Naxos. Busar Leister sumul take, ba gargada tsakanin ƙasan murya da samanta, kuma hakan ya dace da Reger, wanda ke son dogayen jimloli masu sauka har su kusa ɓacewa, ko da yake santsin kan sa babi ya yi kama da ɗan'uwansa idan saurare ya yi nisa. Salon Ingila, wanda Hilton ke bi, ya fi sauya launin sauti daga jimla zuwa jimla. Sai dai a wajen Reger rabin hukuncin yana hannun mai fiyano, saboda rubutunsa cunkushe yake, kuma idan injiniyan ɗauka bai daidaita na'urorinsa ba, fiyano kan danne kilarinet ko da mabushin gwani ne.

Sonatar Stanford ta fi sa'a, domin tana da silsilar malamai da ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun da aka sadaukar musu da ita shi ne Charles Draper, wanda ya koyar da Frederick Thurston, Thurston kuma ya koyar da Thea King, wadda daga baya ya aura. Faifan da King ta yi tare da Clifford Benson a farkon rayuwar kamfanin Hyperion, wanda aka kafa a 1980, yana da wannan nauyi na gado, kuma ya daɗe shi ne fuskar aikin a kunnen masu saurare kafin Robert Plane da Benjamin Frith su fitar da nasu a Naxos. Gado ba hujja ce ta fifiko ba, amma a babin makoki, inda gaggawa kaɗan kan mai da kuka ya zama ado, natsuwar King tana da wuyar kamowa.

Draeseke da Jenner ba su sami irin wannan silsila ba, kuma faya-fayansu ba su da yawa, saboda haka mai saurare kan jingina wa mawallafi laifin da wataƙila na mabushi ne ko na ɗakin ɗauka. Hukuncin da aka daɗe ana yanke wa Jenner, cewa kwaikwayon malaminsa kawai ya yi, an gina shi ne a kan ƙaramin saurare, alhali na Brahms an ɗauke su sau da yawa har kowane babi ya sami mai fito da kyansa. A cikin waɗannan ayyuka duka, sonatar Reger ta uku ce ta fi cancantar a jera ta da na Brahms ba tare da neman uzuri ba.