Ishtar ta Babila, Tsumburbura ta Dala

Mai karatu, in ka taɓa zaman kallo a silimar Plaza ta Fagge, ko ka ji dattawa na hirar Rex da aka buɗe a Sabon Gari a 1937, ka san mun daɗe mu na ganin gumakan Indiya mata a majigi. To, ta garin nan fa? Daga Fagge zuwa dutsen Dala ai ba wata tafiya ba ce.

Bari mu fara da ta nesa. A ƙasar da yau ake kira Iraƙi, mutanen birnin Uruk sun bauta wa wata gunkiya mai suna Inanna, wadda Babilawa su ka sani da Ishtar. Ita ce ta soyayya, ita ce kuma ta yaƙi. Dabbar ta zaki, tauraruwar ta kuwa ita ce zara matar wata. Wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Enheduanna 'yar Sarki Sargon ta tsara mata waƙoƙi, aka adana su a allunan yumɓu, har yau masana na karanta su.

Yanzu dawo gida. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce mazaunin Tsumburbura wata bishiya ce, Shamuz, da aka kewaye da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe, jama'a na kawo baƙin kare da baƙin bunsuru, shi kuma ya fito ya faɗa masu abin da shekara za ta zo da shi. Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rusa wurin, Yaji (1349-1385) ya karɓi Musulunci a hannun Wangarawa. Amma da Zazzau ta kori ɗan sa Kanajeji a fagen fama, sai Sarkin Tsibiri ya ba shi shawarar ya farfaɗo da tsafin da iyayen sa su ka rusa. Ya yi, ya koma, ya ci yaƙin. Ka ga ashe tamu ma da hannun ta a harkar yaƙi, a faɗar littafin.

Ga inda su ka rabu. Labarin Ishtar masu bauta mata ne su ka rubuta, shi ya sa har mijin ta Dumuzi mu ka sani. Na Tsumburbura kuwa sai a ƙarni na 19 aka tattara shi, a fadar magadan waɗanda su ka rushe ta, kuma ba batun soyayya ko aure a ciki.

Duk jahiliyya ce, Allah Ya raba mu da ita, amma sanin ta ba bauta ba ne. Roƙo na ga duk furodusan da zai taɓa labarin Dala: kada ya ga giɓi ya cike da soyayyar Ishtar ko rawar Indiya. Sarki Musulmi ɗan Musulmi ya sha kashi, boka na raɗa masa mafita a kunne, wannan kaɗai bai isa fim ba?