Shirin 3MTT

3MTT wani shiri ne na gwamnatin tarayyar Najeriya da ke da burin koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani zuwa shekarar 2027. Cikakken sunansa da Turanci shi ne 3 Million Technical Talent. Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arzikin Zamani ce ta fito da shi a watan Oktoban 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, kuma ita ke gudanar da shi. Gwamnati ce ke tsara shirin da zaɓen ɗalibai, amma wani kaso na kuɗi da kayan karatu yana fitowa ne daga kamfanonin fasaha da na sadarwa.

Asali

Haɗin gwiwa irin wannan ya girmi 3MTT. A 2017 shugaban Google, Sundar Pichai, ya sanar a Legas cewa kamfaninsa zai horar da 'yan Afirka miliyan 10 cikin shekara biyar. A 2019, zamanin minista Isa Ali Pantami, gwamnati ta fitar da manufar tattalin arzikin zamani ta 2020 zuwa 2030, sannan a 2021 Microsoft ya yi alkawarin haɗa hannu da ita don horar da mutum miliyan 5. Akasarin waɗannan shirye-shirye gajerun darussa ne na sanin makamar kwamfuta da intanet da tallata kaya. 3MTT ya ɗauki wata hanya dabam: yana son fitar da mutanen da za a iya ɗauka aiki a matsayin masu rubuta manhaja ko masu nazarin bayanai.

Tijani, wanda Shugaba Bola Tinubu ya naɗa minista a watan Agustan 2023, daga harkar ya fito. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar CcHub da ke unguwar Yaba a Legas. Shugaban NITDA kuwa, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan jihar Jigawa ne, yana kan muƙamin tun 2019.

Yadda aka tsara shi

An raba shirin hawa uku, a kan lissafin kashi 1, kashi 10 da kashi 100. Zangon farko ya ɗauki mutum 30,000, ya fara a ƙarshen 2023. Na biyu, da aka fara a 2024, an ware masa 270,000, wanda ya kai jimillar zuwa 300,000. Ragowar miliyan 2.7 duk suna zango na uku, wato kashi tara cikin goma na aikin an bar shi ne a ƙarshe. Masu nema sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma ma'aikatar ta ce an ɗebo ɗalibai daga jihohi 36 da Abuja.

Fannonin da aka fara da su 12 ne. Akwai rubuta manhaja, zana fuskar manhaja, nazarin bayanai, ƙirƙirarriyar basira, tsaron intanet, zanen motsi, haɗa wasannin kwamfuta, gwada ingancin manhaja da kula da rumbunan bayanai na intanet. Karatun na kusan mako 12 ne, kuma kyauta ne. Ɗalibi yana bin darussa ta intanet a lokacin da ya samu, sannan ya riƙa zuwa wata cibiya da ke jiharsa don yin aiki a aikace tare da 'yan rukuninsa. Cibiyoyin nan galibi masu zaman kansu ne da aka tantance, ba gwamnati ce ta gina su ba.

Gudummawar kamfanoni

Kamfanin IHS Towers, mai turakun sadarwa, ya shigo tun farko da Naira biliyan 1. An ware kuɗin ne don kafa dandalin ɗalibai a kowace jiha da biyan albashin jami'ai 37 masu kula da su, ɗaya a kowace jiha ɗaya kuma a Abuja. MTN Najeriya ya yi alkawarin Naira biliyan 3. A watan Oktoban 2024 Google ya sanar da tallafin Naira biliyan 2.8 ta hannun ƙungiyar Data Science Nigeria, wanda wani ɓangarensa zai tafi wajen zurfafa karatun mutum 20,000 a kimiyyar bayanai da ƙirƙirarriyar basira. A 2025 Microsoft ya ware dala miliyan 1 don koya wa 'yan Najeriya miliyan ɗaya amfani da ƙirƙirarriyar basira, gidauniyar Airtel Africa ita ma ta ba da Naira biliyan 1.

Kamfanonin suna da riba a ciki, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. MTN da Airtel data suke sayarwa, IHS kuma haya yake ba su a turakunsa, saboda haka duk wanda ya mayar da intanet wurin neman abincinsa ya zama mai saye na dindindin. Google da Microsoft suna sayar da manhajoji da wurin ajiyar bayanai, wanda kuwa ya koyi aiki da kayan wani kamfani, da wuya ya sauya idan ya kama aiki. Ita gwamnati abin da take samu shi ne kuɗi da manhajar karatun da ba za ta iya rubutawa da sabuntawa da saurin da harkar ke canzawa ba. Sai dai idan aka auna alkawuran da yawan mutanen da ake hari, ba su taka kara sun karya ba: Naira biliyan 3 a raba wa mutum miliyan 3, kowa dubu ɗaya zai samu.

Matsaloli

Babbar tambayar da ke kan shirin ita ce ta aiki bayan karatu. Mako 12 ya isa mutum ya san hanya, amma masu ɗaukar ma'aikata sun fi neman wanda ya riga ya goge, ga shi kuma shirin ya zo a lokacin da jarin da ke shiga sababbin kamfanonin fasaha na Afirka ya ragu bayan 2022. Don rage wannan giɓi aka haɗa wasu da suka kammala da shirin Nigeria Jubilee Fellows, wanda hukumar UNDP ke gudanarwa da tallafin Tarayyar Turai, inda ake tura matasa wuraren aiki su ƙara gogewa.

Akwai kuma batun wa zai iya shiga tun farko. Karatun kyauta ne, amma kwamfuta da lantarki da data ba kyauta ba ne. Faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi hasashen intanet mai sauri zai kai kashi 70 cikin ɗari, amma 2024 ta ƙare bai kai kashi 50 ba.

Giɓin ya fi faɗi a karkara da kuma Arewa, inda turaku da wayoyin intanet na ƙarƙashin ƙasa suka fi ƙaranci. Matsalar tsaro ta ƙara dagula shi. A watan Satumban 2021 an toshe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka yi haka a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Darussan kuma da Turanci ake yin su, abin da ke tace masu shiga tun kafin a kai ga cike fom. Cibiyoyin horarwa sun fi yawa a manyan birane kamar Kano, Kaduna da Jos, don haka ɗalibin ƙaramar hukuma mai nisa sai ya haɗa da kuɗin mota. A ɓangaren hanyar sadarwa, ma'aikatar ta fito da wani aiki dabam mai suna Project Bridge, na shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000, wanda shi ma aka tsara za a yi da jarin 'yan kasuwa da rancen bankunan raya ƙasa.