Tarihin Awon Kitsen Jini da Ciwon Zuciya a Ƙasar Hausa

Awon da za mu yi magana a kansa ba a ƙasarmu aka haife shi ba. A shekarar 1913 wani likitan Rasha, Anichkov, ya ciyar da zomaye kitsen nan da ake kira kolestarol, sai jijiyoyin jininsu suka toshe. Wajen 1950 John Gofman na Amurka ya nuna cewa kitse ba ya yawo tsirara cikin jini, furotin ne ke goya shi. Masu goyon nan iri biyu ne suka fi muhimmanci: masu ɗauke da ApoB suna jibge kitse a bangon jijiya, masu ApoA1 kuwa suna kwashe shi zuwa hanta. A 2004 binciken INTERHEART, wanda ya ratsa ƙasashe 52, ya tabbatar da cewa rinjayen na farko bisa na biyu shi ne babbar alamar toshewar jijiyar zuciya, har ya ɗara shan taba.

To, mu nan fa? Likitocin Asibitin Koyarwa na Zariya, su Parry da Davidson, sun ga ciwon zuciya da yawa a shekarun 1970, amma ba irin wannan ba. Abin da ya cika ɗakunansu shi ne kumburin masu jego, wanda suka danganta da kunun kanwa da kwanciyar gadon wuta, sa'an nan hawan jini. Toshewar jijiya kuwa sai jefi-jefi. Manomin Dawakin Tofa na lokacin gero da dawa yake ci, man gyaɗa ɗan ɗigo ne, ya wuni riƙe da fartanya. A 2001 ma an auna Fulanin Filato, masu nono da man shanu, aka tarar kitsen jininsu bai hau ba.

Jikansa fa? Yana kasuwar Dawanau, cikin ƙaramar hukumar nan tasu, zaune kan benci daga safe har magariba, babur ya kai shi ya komo da shi, ga soye-soye ga lemon kwalba. Wannan ne awon ya shafa, kuma ba ya bukatar a kwana da yunwa kafin ɗibar jini. Sai dai a ganina, kada hukuma ta fara da shi. Awon hawan jini ya fi araha nesa ba kusa ba, ƙaramin asibitin ƙauye ma yana iya yinsa, alhali na furotin sai an dangana da babban ɗakin gwaji a birnin Kano.