Daga Juji Zuwa Gona: Tarihin Shara a Tafashiya

Mu da muka yi ƙuruciya a Tafashiya cikin shekarun 1970 mun iske iyayenmu ba su san wani abu wai shi abin banza ba. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida akan tara su a juji, bazara na kamawa a ɗora wa jakuna cikin mangala zuwa gona. Tsohuwar fartanya takan koma maƙera, gwangwanin madara a wanke a yi fitilar a-ci-bal-bal, kwalba kuma ta zama mazubin man gyaɗa. Dubagari na zagaya gidaje tun zamanin En'e, kuma a 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya haifar da sharar ƙarshen wata.

Leda ce ta sauya al'amura. Tun da ruwan leda ya bazu a shekarun 1990, juji ya gurɓata, domin leda ba ta ruɓewa. Takan bi taki zuwa gona, tumaki su haɗiye ta su rame har su mutu.

Yau 'yan bola jari na sayen ƙarafa da robobi a kan sikeli, su kai Kano a narke. Abin da ya rage mana shi ne tsarin iyaye: a ware toka da taki daban, a ɗauraye roba a shanya, a tsince leda kafin jaki ya ɗauki kaya. Gonakin da muka gada amana ce, jikokinmu za su karɓa.