Sauya giyar atomatik zuwa giyar hannu

Sauya giyar atomatik zuwa giyar hannu aiki ne na kanikanci da ake cire giyabos mai canza giya da kansa daga mota, a ɗaura wanda direba ke canzawa da hannu. An fi yin sa a tsofaffin motoci.

Dalilai

Yawanci ana yin sauyin ne idan giyabos ɗin atomatik ya lalace, gyaransa kuma ya yi tsada. A tsofaffin motoci, atomatik mai giya 3 ko 4 yakan fi na hannu mai giya 5 shan mai. Haka kuma mota mai giyar hannu tana tashi da turi idan batir ya yi sanyi.

Kayan aiki

Ban da giyabos, ana buƙatar kuloci, da sandar giya, da fedar kuloci. Ana canza fedar birki, domin ta atomatik ta fi faɗi. Sau da yawa ana canza shaf, saboda tsawon giyabos ɗin biyu ba ɗaya ba ne. Ana kuma gyara wayoyin fitilar ribas, da makunnin da ke hana injin tashi sai giya tana P ko N. A motoci masu kwamfuta, akan sauya kwamfutar ko a sake saita ta.

Matsaloli

Aikin ya fi sauƙi idan kamfanin ya ƙera samfurin motar da nau'in giya biyun, domin ana iya kwaso kayan daga wata mota irinta. In ba haka ba, kuɗin aikin na iya zarce darajar motar.